Filin Manoma: Lissafin Dami Da Gonar Da Ta Fita Zakka

In kaka ta yi, an yanke dawa an ɗaure dami, babu tambayar da ta fi yawa a bakin manoma kamar wannan: bana eka ta ba da nawa? A majalisar bayan la'asar a Hotoro sai wani ya ce sha biyu, wani ya ce ashirin, wani kuma ya rantse ya ga gonar da ta ba da arba'in da idonsa. Mai yiwuwa ne kuwa dukansu gaskiya suka faɗa. Wuyar abin ita ce a sami adadi guda wanda zai tsaya a madadin duka, har mutum ya dogara gare shi in zai ci bashin taki, ko zai yanke abin da zai sayar da wanda zai bari a rumbu.

Hotoro dai da ƙauye ne a gabashin birnin Kano, cikin karkarar nan da a ke noma kowace shekara ba a hutar da ƙasa, gama jakuna su kan kwaso taki daga birni cikin mangala su kai gonaki tun da rani. Yanzu gidaje sun cinye mafi yawan gonakin, amma noma bai bar mutanen ba. Akwai masu aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa waɗanda ke da gona wajen Warawa ko Gezawa ko Dawakin Kudu. 'Ya'yansu kuwa a makaranta a na koya musu wani darasi cikin lissafi, na hanyoyi uku da a ke neman tsakiyar taron lambobi. Littattafan Turanci su kan kira su min da midiyan da mod. Yara da yawa su kan haddace su don jarrabawa kawai, alhali kuwa uban da ke gida ya fi malamin jarrabawa bukatarsu.

Gonaki Tara

Ga misali. Manoma tara ne 'yan ƙungiya guda, kowa ya shuka dawa eka ɗaya, iri ɗaya. Da aka yi girbi, magatakardan ƙungiya ya rubuta damman kowa, daga ƙarami zuwa babba, kamar haka:

10, 12, 13, 14, 14, 14, 16, 17, 43.

Hanya ta fari ita ce wadda kowa ya sani, watau rabon daidai. A tara damman duka wuri guda, sa'an nan a raba wa mutum tara, kada wani ya fi wani. Jimlar ta zama 153. In an raba gida tara, kowa ya tashi da 17. To, wannan shi ne abin da a kan kira matsakaici, shi ne kuma a kan rubuta a takardar da za a kai wa malamin gona ko banki: eka ta ba da dami 17.

Lissafin daidai ne, ba kuskure ko ɗaya. Amma mai karatu ya sake duba jerin. Mutum nawa ne suka sami 17? Ɗaya tak. Mutum nawa suka wuce? Ɗaya. Sauran bakwai duk ba su kai ba. Ashe adadin da aka ce shi ne na tsaka, bakwai cikin tara ba su gan shi ba ko a mafarki. Abin da ya jawo haka shi ne gonar nan mai 43. Ita kaɗai ta ja lissafin sama, kamar yadda wake ɗaya kan ɓata gari. In an ɗauke ta gefe, sauran takwas jimlarsu 110 ce, rabon kowa bai cika 14 ba, sha uku ne da kwata uku.

Kada a ga kamar tazarar dami uku ba wani abu ba ce. A ɗauki magidanci mai eka uku wanda gidansa ke cin dami ɗaya a mako. Ya ji an ce eka na ba da 17, sai ya yi lissafin zai sami 51 baɗi. Ya ce 40 na ci ne, za su kai shi har gero ya nuna, 11 kuwa ya sayar ya biya bashin taki. Da kaka ta zo sai ya sami abin da yawancin maƙwabtansa ke samu, 14 sau uku, watau 42. Mai bashi ba ya sauraron labari. In ya biya 11, saura 31. Dawar da aka zuba a rumbu tsakiyar Nuwamba, in a na cin ɗaya a mako, 31 za ta ƙare wajen ƙarshen Yuni, daidai lokacin da noman fari ya kankama, hatsi ya yi tsada a kasuwa, mutum kuwa na bukatar ƙarfin jikinsa. Sai ya bar tasa gonar ya tafi ƙwadago a ta wani. Ba wanda ya yi masa ƙarya, adadin da bai dace ba ne ya kama.

Ɗan Tsakiya Da Mai Rinjaye

Hanya ta biyu ta fi ta fari sauƙi, don ko tarawa ba a yi. A jera lambobin sahu guda daga ƙarami zuwa babba, kamar yadda a kan jera yara bisa tsawo, sa'an nan a nuna wanda ke tsakiyar sahun. Cikin tara, na biyar ne: huɗu na gabansa, huɗu na bayansa. A jerin nan na biyar shi ne 14. Wannan shi ne ɗan tsakiya.

Halinsa abin lura ne. Da gonar nan ta ƙarshe 430 ta bayar maimakon 43, da rabon daidai ya haura zuwa 60, amma ɗan tsakiya na nan a 14, ko gezau. Shi ba ruwansa da girman na ƙarshen sahu, abin da ya sani kawai shi ne akwai mutum huɗu a can ɓangaren. Saboda haka in tambayar ita ce, manomi irin na kullum me ya kan samu, ɗan tsakiya ne ya fi ba da amsar gaskiya.

In lambobin ba su da mara, misali takwas ko goma, babu mutum guda a tsakiya. Sai a ɗauki biyun da ke tsaka a tara su a raba biyu. Kuskuren da 'yan makaranta suka fi yi shi ne su manta da jerawa, su nuna wanda ya faɗo tsakiyar takarda yadda aka rubuto ta a hargitse. Wanda bai jera ba bai fara ba.

Hanya ta uku ita ce a duba adadin da ya fi maimaita kansa, watau mai rinjaye. A nan 14 ne, gama ya zo sau uku. Wannan hanya ce da mutanen kasuwa ke bi ba tare da sun sa mata suna ba. Wanda ya shiga Dawanau ya tambayi kuɗin buhun wake a rumfa goma, ya ji shida sun faɗi abu guda, ya san yadda kasuwa ta ke ran nan, ko da wani ya tsawwala, wani kuma ya karya don gaggawar kuɗi. Amma mai rinjaye ba abin dogara ba ne in lambobin kaɗan ne, gama wani lokaci babu wanda ya maimaita. Wani lokacin kuma a kan sami masu rinjaye biyu, ɗaya can ƙasa ɗaya can sama. In haka ta faru, yawanci alama ce an gauraya abu iri biyu cikin lissafi guda, kamar gonakin tudu da na fadama, ko waɗanda aka sa wa taki da waɗanda ba a sa wa ba. Maganinsa a raba su, kowane a yi masa nasa lissafi.

San Da Aka Yi Wa Kintace A Ingila

Akwai labarin da ya shahara game da wannan, a wurin manoma kuwa ya faru. Cikin 1906 aka yi nunin dabbobi a garin Plymouth na ƙasar Ingila. Aka kawo wani ƙosasshen sa, aka ce kowa ya sayi tikiti na sisi ya rubuta nauyin da ya ke zaton naman zai yi bayan an yanka an gyara, wanda ya fi kusa ya ci kyauta. Mahauta da manoma suka rubuta, haka kuma 'yan kallo waɗanda ba su san kan sa ba. Wani dattijo masanin lissafi, Francis Galton, ya karɓi tikitocin bayan an watse. Ya fid da waɗanda ba su karantuwa, saura 787. Ya jera su sahu, ya ga ɗan tsakiya laba 1,207 ne. Nauyin naman na gaskiya kuwa laba 1,198. Watau tazarar laba tara ce kacal.

Dalilin da ya sa Galton ya zaɓi ɗan tsakiya shi ne abin riƙewa. Ya ga cewa in rabon daidai za a bi, mutum guda mai son ɓarna ya rubuta wani adadi na hauka, sai ya ja lissafin gwargwadon haukarsa. A sahu kuwa kowa wuri ɗaya ya ke da shi, mai hankali da wawa. Amma labarin bai ƙare nan ba. Da aka tambaye shi rabon daidai, sai ya zama laba 1,197, watau ya fi ɗan tsakiya kusa da gaskiya. Ba abin mamaki ba ne. Inda babu wanda ya yi nisa ƙwarai da jama'a, hanyoyin biyu su kan faɗi kusa da juna, ko wace aka kama ta isa. Sai in sun rabu da nisa, kamar 17 da 14 na gonakin nan, sa'an nan a san akwai abin dubawa. Don haka a riƙa yin duka biyun, a ajiye su gefe da gefe.

Yadda A Ke Gane Wanda Ya Fita Zakka

In manomi ya ƙirga dami goma ya ware ɗaya gefe don hakkin Allah, an ce wannan ya fita zakka. Daga nan Hausawa suka ari maganar ga duk wanda ya ware daga 'yan'uwansa. Ta dace da adadi irin 43 cikin jerin nan. Sau da yawa ido kaɗai ya isa ya gane shi. Amma inda za a yi gardama, misali in kuɗi ko kyauta na tafe, akwai ƙa'idar da a ke koyarwa a makaranta, wadda wani masani ɗan Amurka, John Tukey, ya baza cikin littafinsa na 1977.

A na yin ta kamar haka. A cire ɗan tsakiya, sahun ya rabu gida biyu. Na ƙasa su ne 10, 12, 13, 14, tsakiyarsu sha biyu da rabi. Na sama su ne 14, 16, 17, 43, tsakiyarsu sha shida da rabi. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu 4 ce, cikinta ne rabin jama'a na tsaka suka taru. A ɗauki wannan 4 a ƙara mata rabinta, ta zama 6. Sai a kafa shinge biyu: a rage 6 daga sha biyu da rabi, a sami shida da rabi, a ƙara 6 kan sha shida da rabi, a sami ashirin da biyu da rabi. Duk abin da ya faɗa bayan shingen nan ya fita zakka. Mai 10 na ciki, ko da ya ke shi ne na baya. Mai 43 ya tsallake da nisa.

Wannan ƙa'ida nuni kawai ta ke yi, ba ta yanke hukunci. Ta ce ga wanda za a bincika. Ba ta ce a soke shi ba. Nan ne malamai da magatakarda da yawa su kan yi kuskure, su ja layi kan adadin don takarda ta yi kyau. Kamata ya yi a sa takalmi a je gonar, gani ya kori ji.

Abin Da A Kan Tarar In An Je

Wani lokaci kuskure ne tsantsa. Mai rubutu ya juya lamba, ya sa 41 maimakon 14. Ko kuwa ɗaurin mutumin ƙanana ne, gama dami ba awo ne tsayayye ba, na wani gari ya kan yi biyun na wani. Ko kuma girman gonar ne ba a auna ba. Wannan ya yawaita tun da aka shigo da hekta, don hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, mutane kuwa su kan kira duka biyun da suna guda. In gonar nan mai 43 hekta ce, to rabonta a eka 17 ne da 'yan kai, ta koma cikin 'yan'uwanta ke nan. Irin wannan gyarawa a ke yi, a sake lissafi. Ƙungiyar da ke son lissafinta ya tsaya, ta sussuke dami biyu ko uku na kowane mutum ta auna da tiya ko sikeli, ta kuma auna gonakin da igiya tun kafin shuka.

Wani lokaci kuwa adadin gaskiya ne, amma gonar ce ba irin sauran ba. Tsohon zangon Fulani ce inda shanu suka shekara suna kwana, ko tsohon juji, ko gefen fadama mai riƙe danshi. Wannan ba a soke ta, ba a kuma cusa ta cikin sauran. A rubuta ta dabam, a faɗi dalili. Ita ce ma ta fi kowace koyarwa, gama ta nuna abin da irin zai iya yi in ƙasa ta ƙoshi. Manomi mai wayo ba ya tsayawa yin hassada ga mai 43, tambayarsa ya ke mangala nawa ya zuba, yaushe ya shuka, sau nawa ya yi noma.

Na uku shi ne mafi nauyi. Adadin gaskiya ne, gonar kuwa irin ta kowa ce, abin da ya same ta ne ba ya zuwa kullum. Wannan ya fi fitowa in a na lissafin shekaru. Ƙasar Kano ta ga irin waɗannan shekaru. Ruwa ya ƙi a 1913, aka yi yunwar da tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba. A 1973 ruwan da ya sauka a Kano wajen rabin wanda aka saba ne. A 1975 cutar nan da ke daƙile gyaɗa ta murɗe mata ganye, wadda ƙananan ƙwari masu tsotso ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa. Tun zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 gyaɗa ce ta ɗaga garin, har attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta tara dalar buhuna, amma fari da wannan cuta na cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen dalar. A Agustan 1988 kuma ruwa ne ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle.

Wanda ya jera amfanin gonarsa na shekara goma, ya ga guda ta faɗi ƙasa warwas, ya ce wannan ta fita zakka bari in share ta, ya cuci kansa. Don sanin shekara irin ta kullum, ya kama ɗan tsakiya. Amma don sanin abin da zai bari a rumbu, waccan mummunar shekara ce malamarsa. Dalilin ke nan da kakanni su kan rufe wani rumbu ba a taɓa shi sai sabon hatsi ya shigo, su kan kuma haɗa gero da dawa da wake a gona guda, in wani ya ƙi wani ya yi.

Inda Rabon Daidai Ya Fi

Kada mai karatu ya ɗauka rabon daidai abin yarwa ne. Duk inda jimla ce abin nema, shi ne sarki. In ƙungiyar nan za ta yi hayar mota ta kwaso damman, ko za ta gina rumbun tarayya, dami 153 za a ɗauka, ba 14 sau tara ba, wanda 126 ne kawai. Zakka ma ba a fid da ita bisa abin da jama'a suka saba samu, kowa bisa abin da ya shiga hannunsa ne, ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa ne.

Ga wani misali daga ciniki. Dillali ya tara buhu goma na ɓararriyar gyaɗa zai kai wa masu matse mai a Bompai. Nauyinsu a kilo: 78, 79, 80, 80, 80, 81, 81, 82, 82, 97. Jimla 820, rabon daidai 82. Biyun tsakiya su ne 80 da 81, ɗan tsakiya tamanin da rabi. Kuɗin da za a biya bisa 820 ne, wannan ba gardama. Amma buhun nan mai 97 sai an kwance shi. Buhuna iri ɗaya, cika iri ɗaya, ba dalilin da zai sa guda ya fi sauran da kilo goma sha biyar ko fiye, sai in da tsakuwa ko yashi a ciki, ko gyaɗar ba ta bushe ba. Ɗanyar gyaɗa kuwa ta kan yi funfuna, funfunar nan na da dafi ga mutum da kaji, ta kan kuma harbi buhunan da ke jingine da ita. Gara dillali ya gano shi a gida da a gano masa a bakin sikeli, inda za a dawo da kayan duka.

Akwai kuma wani tarko ƙarami. Mutum na da gona biyu, ɗaya eka guda ta ba da 20, ɗaya eka huɗu kowace eka ta ba da 10. In ya tara 20 da 10 ya raba biyu ya ce 15, ya ɓata. Damman 60 ne a eka biyar, watau 12. A kullum a koma ga jimlar dami da jimlar eka.

Ruwan Lambu

Akwai wurin da ɗan tsakiya ma ya kan rufe gaskiya, ya kuwa shafi masu noman rani na Kano. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun Bompai ya kan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Na Sharaɗa da Challawa, inda majemun zamani suka fi yawa, ya kan gangara kogin Challawa. A bakin waɗannan ruwaye akwai lambuna na latas da kabeji da karas da alayyafo waɗanda ke cika kasuwannin birni. Jima ta zamani kuwa da sinadarin kuromiyam a ke yin ta, ga kuma gishiri da rini.

Masana'anta ba ta sakin ruwa daidai wa daida kowace sa'a. Ta kan tara, sa'an nan ta buɗe. A ce ma'aikacin lafiya ya ɗebi ruwan rafi kwana bakwai yana awo. Kwana shida ma'auni ya nuna 2, ran na bakwai ya nuna 30. Ɗan tsakiya 2 ne, mai rinjaye ma 2. Rabon daidai 6 ne. Wanda ya kai rahoton 2 ya ce ruwa lafiya lau. Amma shukar da aka shayar ran nan na bakwai 30 ta sha, ƙasa kuwa ta kan riƙe irin waɗannan ƙarafa shekara da shekaru. A nan wanda ya fita zakka shi ne labarin duka. Mai lambu ba shi da ma'auni, amma yana da ido da hanci. Ranar da ruwa ya sauya launi, ko ya yi kumfa, ko warinsa ya tashi, ya kashe inji ya jira. Wanda ke da hali ya haƙa rijiya nesa da bakin rafi. In kuwa an zo da takardar awo, a tambayi adadi mafi girma da aka gani, da ranar da aka gan shi.

In An Zo Tallar Sabon Iri

Masu binciken noma sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa. Tashar Samaru ta Zariya, wadda aka kafa a 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba ta fid da iri bisa abin da fili guda ya nuna a damina guda. A kan maimaita shuka a fili da yawa, a garuruwa dabam dabam, shekara bayan shekara. A Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da a ke gwajin taki a cikinta tun 1843, a na rubuta amfaninta kowace kaka.

Mai talla kuwa ba haka ya ke ba. Adadin da ya fi girma shi ya kan ɗauko, na gonar gwaji da ke bakin hanya, wadda aka ba taki a kan kari, aka yi mata feshi, aka kuma sa mai gadi. Ba lalle ƙarya ya yi ba, 43 ɗinsa ya nuna. Manomi ya saurara da ladabi, sa'an nan ya tambaya: a gona nawa aka gwada, shekara nawa, ta tsakiya nawa ta bayar, wadda ta fi lalacewa kuma nawa. In amsa ta gamsar, ya gwada a kwatar eka, tsohon irinsa na gefe, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya. Da kaka ya kira yaron gida mai zuwa makaranta da littafinsa na lissafi, ya auna da tiya yaro na rubutawa, a ajiye takardar a haɗa ta da ta baɗi.